Gilashin Magani Ba Sai An Ci Bashi Ba: Jagora Ga Mai Neman Tabarau A Jalingo

Duk wanda ya haura shekara arba'in a unguwar Sarkin Dawaki, ko Sintali, ko Turaki, ya san alamar ko da bai faɗa wa kowa ba. Tela ya riƙe zare yana ta laluben kafar allura har sai ya kira yaron shago. Malami kullum yana ƙara nesanta littafi daga fuskarsa. Mai POS tana kanne ido kafin ta iya karanta lambar asusu. Idan ka ce su je a duba su, amsar ɗaya ce: "Gilashi yanzu ai sai mai kuɗi." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin farashi ya tashi ƙwarai. Sai dai mafi yawan kuɗin da ke firgita mutane yana tafiya ne a firam da ƙare-ƙaren da ake ɗorawa a kai. Wanda ya san inda kuɗin ke shiga zai samu gilashin da ya dace da idonsa daidai ƙarfin aljihunsa. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: kada ka yi wa gwaji rowa, ka ajiye cinikinka sai an zo kan firam.

Abin da rashin gilashi ke ci

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawa, da kashi 6.1. Binciken ya kuma gano cewa a cikin masu raunin gani mai sauƙi da matsakaici, rashin gilashin da ya dace shi ne kan gaba wajen jawo matsalar. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 826 da ba sa ganin kusa da kyau, ba don komai ba sai don ba su da gilashin karatu.

Asarar ba ta tsaya a ido ba, har aljihu take taɓawa. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, irin aikin da ake yi a Kakara a tsaunin Mambila. Waɗanda aka ba gilashin karatu, ganyen da suke tsinkowa a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, na 'yan sama da shekara 50 kuma ya haura kashi 30. Tela, mai gyaran waya, mai ɗinkin hula, ma'aikacin ofis da malamin makaranta duk lissafinsu ke nan. Zama ba gilashi ma biya ake yi, kullum, ta hanyar aikin da ya ragu.

Me ya sa yake tsada?

Kuɗin gilashi kashi huɗu ne: kuɗin gwaji, kuɗin ruwan tabarau wato gilashin da ke ɗauke da maganin, kuɗin firam, sai ladan yankawa da haɗawa. Kusan duk ruwan tabarau da firam ɗin da ake sayarwa a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, inda garin Danyang ya yi suna da ruwan tabarau, Wenzhou kuma da firam. Da dala ake sayo su, su sauka Legas, su bi ta hannun dillalai kafin su iso Jalingo, kowa ya ɗora ribarsa da kuɗin mota. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi dala sama. Idan kuma maganin idonka mai wuya ne, sai an aika wani babban gari an sarrafo, wannan ma kuɗi ne.

Akwai kuma kuɗin suna. Kamfani ɗaya, EssilorLuxottica, wanda ya samu daga haɗewar wani kamfanin Faransa da na Italiya a 2018, shi ke da Ray-Ban da Oakley, shi ke kuma ƙera firam ga manyan gidajen kayan ƙawa da dama. Sunan da ke jikin hannun gilashi ba ya ƙara wa ido gani ko kaɗan. Da yawan masu ɗauke da irin waɗannan sunaye a kasuwanninmu ma jabu ne, ka ga an biya kuɗin suna alhali ko sunan ba a samu ba.

Mataki na farko: gwaji a hannun masani

Fara da sashen ido na Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda kowa ya fi sani da FMC, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko asibitin ido mai zaman kansa da ke da rajista. A asibitin gwamnati kati da gwaji sun fi sauƙi, sai dai a yi sammako a kuma yi haƙuri da layi. A wuri mai zaman kansa, ɗaga kai ka duba bango ka ga ko an rataye lasisin hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989 don rajistar masu gwajin ido da masu haɗa gilashi. Idan babu, tambaya ba laifi ba ce.

Gwaji na gaskiya ya wuce karanta haruffa a allo. Za a gwada kowane ido shi kaɗai, nesa da kusa, a haska cikin idon a duba jijiya, a kuma auna hawan jinin ido. Wannan na ƙarshe kada ka yarda a tsallake shi idan ka kai arba'in, ko a gidanku akwai wanda ya makance da girma. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulukoma, yana cin gani daga gefe ba zafi ba ƙaiƙayi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen makantar da 'yan Najeriya. Gilashin karatu da ake tallarsa a tire ba zai taɓa gaya maka kana da shi ba.

Abu uku za su hana ka sayen gilashi sau biyu. Idan kana da ciwon suga, sai sugan ya daidaita sannan a auna maka gilashi, domin hawa da saukarsa na canza lambar ido. Mai juna biyu, in ba dole ba, ta jira sai bayan haihuwa da 'yan watanni. Dattijon da lambarsa ke yawan canzawa, ko ya wayi gari yana karatu ba gilashi bayan shekaru yana sawa, a duba masa yana, domin maganinta aiki ne, sabon gilashi ba zai daɗe yana amfani ba. Ka kuma faɗa wa likita duk maganin ɗigawa da ka taɓa saya a kemis, saboda wasu daga cikin masu kwantar da jan ido suna tayar da hawan jinin ido idan aka daɗe ana ɗiga su.

Mataki na biyu: karɓi takardarka

Nan ne mutane da yawa ke asara. Da an gama gwaji sai a wuce da su kai tsaye wurin firam, su ji kunyar fita ba su saya ba. Ka biya kuɗin gwaji, saboda haka cikin ladabi ka ce: "Likita, don Allah a rubuta mini lambar idona a takarda, zan je in yi shiri." Ɗauki hotonta a waya tun kafin ka bar wurin. Da wannan takarda za ka iya jin farashi a wuri biyu ko uku.

Karanta ta ba wuya. R ko OD idon dama ne, L ko OS na hagu. SPH shi ne ƙarfin maganin: alamar ragi, kamar -2.00, tana nufin nesa ce ba ka gani da kyau, alamar tarawa kuma, kamar +1.50, tana nufin idon na buƙatar taimako musamman a kusa. CYL da AXIS suna zuwa tare, ga wanda gaban idonsa bai yi zagaye daidai ba, shi ya sa fitilar mota ke yi masa jela da dare. ADD ƙarin ƙarfi ne na karatu ga wanda shekaru suka fara ja. PD kuwa tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido ce, a milimita, kuma ga yawancin manya tana kusa da 63. Sau da yawa ba a rubuta ta, don haka ka roƙa a auna a rubuta. Idan aka yanka gilashi ba bisa tazarar idonka ba, ciwon kai da jiri ne za su biyo baya ko da lambar daidai take.

Gilashin tire: wa ya dace da shi?

Bai kamata a yi wa gilashin karatu na tire kuɗin goro ba. Ga mutum mai shekara arba'in zuwa sama da aka duba aka tabbatar idonsa lafiya, yana ganin nesa tangaran, idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya ko kusan ɗaya, ba shi da CYL ko kuma ɗan kaɗan ne, wannan gilashi ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na yankawa ba. Tambayi likita kai tsaye: "Na tire zai yi mini?" Masanin kirki zai gaya maka gaskiya, wasu asibitocin ma suna da shi a ajiye.

Idan za ka zaɓa, tafi da abin aikinka: Alƙur'anin da kake karantawa, wayarka, ko allura da zare. Riƙe shi inda ka saba riƙewa, wajen santimita 40 daga fuska, kusan kamu guda. Fara da +1.00, ka riƙa hawa a hankali, ka tsaya a mafi ƙanƙantar lambar da rubutu ya fito maka sarai. Galibi ɗan shekara 40 zuwa 45 yana tsayawa wajen +1.00 zuwa +1.50, ɗan 50 wajen +2.00, ɗan 60 wajen +2.50. Rufe ido ɗaya ka karanta, ka sauya ɗayan. Idan ɗaya ya fito ɗaya ya yi hazo, wannan ba naka ba ne. Sannan ka cire gilashin ka miƙa hannu, ka leƙa gefen ƙofa ko sandar lantarki ta cikinsa kana motsa shi a hankali. In ka ga layin na lanƙwashewa kamar ruwa, ajiye ka ɗauki wani.

Na tire bai dace da yaro ba, bai dace da mai matsalar nesa ba, ba a kuma tuƙi ko tafiya da shi. Gilashin da aka gada daga mahaifi ko aka aro wurin aboki shi ma lambar wani ce.

Firam: nan ake ciniki

Idan dole sai an yanka maka, fara da cewa a nuna maka firam mafi araha, ka hau daga nan. Abin dubawa shi ne ƙwari da zama a fuska. Buɗe hannuwan ka rufe sau da yawa ka ji ko maɗaurin na rawa. Sa shi ka sunkuya kamar za ka yi ruku'u, in ya zame bai yi ba. Kada ya matse gefen kai, kada ya kwanta a kunci. Mai cikakken zagaye, na roba ko na ƙarfe, ya fi wanda ba shi da baki jure wahala, ya kuma fi sauƙin gyara.

Ga mai lamba babba, musamman ta ragi, ƙaramin firam mai ɗan zagaye shi ne dabara. Gwargwadon faɗin firam, gwargwadon kaurin gefen gilashi da nauyinsa. Ƙaramin firam kan sa ba sai ka biya kuɗin ruwan tabarau mai siranta ba.

Tsohon firam ɗinka, in yana da ƙwari, kai shi a sa masa sabon ruwa. Haka ma za ka iya sayen firam a babbar kasuwa ka kai a yanka maka, amma ka nuna wa mai haɗawa kafin ka rabu da mai sayarwa, domin ba kowane firam na ado ke karɓar gilashin magani ba, tsohuwar roba kuma kan tsage idan aka ɗumama ta. Ku yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki asara in ya karye a hannunsa.

Ƙare-ƙaren da ake ɗorawa

Ruwan tabarau na roba na yau da kullum, mai lambar siranta 1.50 ko 1.56, ya ishi duk wanda maganinsa bai wuce 3.00 ba. Masu siranta, 1.61 da 1.67, amfaninsu na bayyana ne idan lamba ta yi girma sosai. Ga yara da masu aikin da abu kan iya fallatsa a ido, a nemi mai wuyar fashewa, wanda ake kira folikabonet. Wannan kuɗi ne da ya je inda ya dace.

Rufin hana ƙyalli yana taimakon mai tuƙin dare da mai zama gaban kwamfuta, amma mai arha daga cikinsa kan ɓare cikin watanni. Wanda ke yin duhu a rana yana da daɗi ga mai yawo a zafin Maris da Afrilu, sai dai ba magani ba ne, kuma direba ya sani cewa yawancinsa ba ya duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaban mota na tare hasken da ke sa shi canzawa. Shi kuwa mai tare shuɗin hasken waya, wanda ake ta tallarsa yanzu, wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2023 ya tattara gwaje-gwaje 17 bai samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Abin da ke rage ta kyauta ne: duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli nesa na daƙiƙa 20.

Mai buƙatar nesa da kusa a lokaci guda yana da zaɓi uku. Mai hawa biyu, wanda ake ganin layinsa, shi ne mai sauƙi kuma yana aiki. Marar layi ya fi kyan gani, ya fi tsada nesa ba kusa ba, yana son awo na ƙwararre da 'yan kwanakin sabo. Na uku shi ne gilashi biyu daban, na nesa da na karatu, wanda sau da yawa jimlarsu ba ta kai kuɗin marar layi guda ba.

Kafin ka ba da kuɗi, sa a rubuta maka farashi dalla-dalla: firam nawa, ruwan tabarau zalla nawa, kowane rufi nawa. Sai ka soke abin da ba ka buƙata. Tambayi ranar karɓa, da abin da za a yi in bai zauna maka ba, ka kuma karɓi rasit. Matambayi ba ya ɓata.

Wasu ƙofofin rangwame

Idan kana da inshorar lafiya ta NHIA, tsarinta ya ƙunshi gwajin ido da gilashi mai sauƙin kuɗi zuwa wani iyaka, kai kuma ka cika sauran. Ma'aikata da yawa ana cire musu kuɗin ba su taɓa tambaya ba. Mai rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha shi ma ya je teburinsu a asibiti ya ji abin da ya shafi ido.

Ka sa kunne ga aikin ido kyauta. Gidauniyar TY Danjuma ta daɗe tana ɗaukar nauyin irinsa a Taraba, kuma duk Alhamis ta biyu a watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya, lokacin da asibitoci da ƙungiyoyin likitocin ido kan yi gwaji kyauta. A 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin raba gilashi miliyan biyar, wanda ake kira Jigi Bola 2.0, ta hanyar ƙananan asibitoci, saboda haka ka tambaya a asibitin unguwa. A duk inda aka yi maka gwajin kyauta, nemi takardar lambarka. Ka kuma bambance aikin da likitoci suka zo da shi da na mai lasifika da ya baje kaya bakin masallaci yana cewa gilashinsa na wanke yana. Babu gilashin da ke wanke yana.

Idan tafiya ta kai ka Kano, akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da asibitin Makka, wanda yake a Bauchi ma. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Amma kada ka tashi musamman don gilashi kawai ba ka lissafa kuɗin mota da masauki ba, domin sukan cinye rangwamen. Sayayya ta intanet ko aikawa da takarda ta WhatsApp tana yiwuwa ga mai ƙaramar lamba da ya san PD ɗinsa. Marar layi da mai lamba babba kuwa a yi su inda za a auna fuska ido da ido.

Yara ba a jira da su

Yaron da ke manne wa talabijin, ko yake kwafar rubutu daga littafin abokinsa don ba ya ganin allo, ko ido ɗaya na karkacewa, a kai shi da wuri. Idon da ya yi ƙyuya yana gyaruwa sosai kafin shekara bakwai zuwa takwas, bayan nan sai da wahala. Za a iya ɗiga masa maganin da zai sa ganinsa ya yi hazo na yini ɗaya ko biyu don a samu lamba ta gaskiya, kada hankalin iyaye ya tashi. A saya masa firam na roba mai lanƙwasuwa da igiya, ba mai tsada ba, domin lambarsa za ta canza yana girma. Maganar da ake yi cewa gilashi na ƙara kashe ido ba ta da tushe. Hana yaro gilashin da yake buƙata shi ke cutar da idonsa da karatunsa.

Bayan ka karɓa

Kada ka bar shagon sai ka gwada: karanta allo, karanta wayarka, taka ƙasa ka ji. Ɗan baƙunta na kwanaki ba komai ba ne, amma in mako biyu ya wuce kana jiri ko gani biyu-biyu, koma da gilashin da takardarka a sake aunawa.

Gilashin da ya daɗe shi ne mai araha. A lokacin hunturu ƙura ce ke kashe shi, don haka kada ka goge shi a bushe da bakin riga ko mayafi. Ɗauraye da ruwa, ɗan taɓa sabulun ruwa, sannan ka share da ƙyalle mai laushi. Cire shi da hannu biyu. In za ka yi alwala, sa shi a gidansa cikin aljihu, kada ka ajiye a ƙasa kusa da buta. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, zafi na fasa rufin ya kuma lanƙwasa firam. Ƙaramin noti in ya saki, a ɗaure tun bai faɗi ba. Babba ya koma gwaji duk shekara biyu, yaro da mai suga da mai hawan jinin ido kuma aƙalla duk shekara ko yadda likita ya tsara.

Ɗan'uwa mai karatu, ko 'yar'uwa, in ka lura hannunka na ƙara miƙewa kafin rubutu ya fito, kada tsoron farashi ya zaunar da kai a gida. Ware kuɗin kati da gwaji a wannan watan, je a duba ka, karɓi takardarka, sannan ka sayi abin da idonka ke buƙata daidai ƙarfinka. In kuma da tsoho ko tsohuwa a gida da suka daina karatu ko ɗinki suna cewa girma ne, ka tafi da su. Allah Ya ƙara mana lafiyar ido.